Amaryar da Sarbanun Ta Ɗauko Daga Lontar

A tsibirin Lontar, in mutum ya shuka pala yana so ya san abin da ya shuka, Sarbanun ake kira. Ita bishiyar pala, wadda ke ba mu gyaɗar ƙamshi, akwai mace akwai namiji, kuma ba ta nuna ko wace ce ita sai ta shekara bakwai ko takwas ta yi fure. Mace furenta ɗai-ɗai yake fitowa, namiji kuwa gungu-gungu. Namiji ba ya haihuwa, amma in babu shi a kusa macen ma ba ta yi, don haka ɗaya ake bari a tsakiyar garka a sare sauran. To wanda ya shekara bakwai yana ban ruwa ya tashi da maza zalla, ai ya ga ta kansa.

Sarbanun tun tsiro bai wuce taƙi ɗaya ba take tsugunawa a gabansa, ta juya ganyen, ta murza, ta sansana yatsunta, sannan ta ce, "Mace," ko ta ce, "Tumɓuke wannan, ƙato ne." Ko da gaske ta iya, ko sa'a ce ke bin ta, Allah ne masani. Abin da muka sani dai, in ta dace gari duka sai ya ji, in kuwa ta kuskure, to mai garkar ne ya musanya tsiron bayan tafiyarta. Baki gare ta, ba a ja da ita.

Maƙwabciyarta Halija ce kaɗai ta ƙi kiran ta. Ta shuka nata guda biyar, ta yi ta ɗawainiya da su shekara da shekaru, duka biyar ɗin suka fito maza. Washegari a bakin rijiya, gaban matan unguwa, Sarbanun ta sauke tulunta ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Halija mai rainon maza! Yaushe za a yi musu kaciya mu zo biki?" Mata suka yi ta dariya har da faɗuwa. Sunan ya bi Halija, ita kuma tun daga ranar ba ta ƙara amsa gaisuwar Sarbanun ba.

Mijin Sarbanun, Jumat, shi ne mai tsinko. Doguwar gora gare shi mai ɗan kwando a kai, da ita yake zaƙulo 'ya'yan da suka tsage, ya shanya su a kan hayaƙi. Mutum ne mai sanyin murya, tsokanarsa ma a hankali yake yin ta. In iska ta juyo, jiragen Jawa da na Larabawa da na mutanen Hindu suka cika gaɓa da shinkafa da yadi, shi ke zuwa ya dawo mata da labari. Ya taɓa ce mata ana kai gyaɗar nan tasu har wata ƙasa inda ruwa ke daskarewa don sanyi, masu arziki su kulle ta a akwati. Ta ce, "Kai dai da ƙarya, Baban Sahak. Abin da jemagu ke watsarwa a bayan gidanmu?"

Ashe gaskiya ya faɗa, don mutanen wannan ƙasa mai sanyi da kansu suka zo. Da fari saye suke yi. Daga baya suka ce kada a sayar wa kowa sai su. A shekara ta dubu da talatin bayan hijira kuma suka dawo da jirage da igwa. Ba zan tsaya ba da labarin wannan shekara ba, mu duka mun san ta, ba kuma wanda ke son jin ta sau biyu. Albarushi ya tashi a fuskar Jumat ya tafi da idanunsa. Ɗansu ɗaya tilo, Sahak, ya hau dutse tare da samarin gari, ya ce su yi gaba yana nan tafe. Bai zo ba.

Ranar da za su gudu, da hantsi ne, ana ruwa. Mata suna ta kwasar tukwane da tabarmi, ita kuwa Sarbanun ta zaunar da mijinta a cikin jirgi ta ruga bayan gidansu, inda take rainon tsiro a ɓawon kwakwa. Hannu biyu gare ta, biyu za ta iya ɗauka. Gari yana ci da wuta, amma sai da baiwar Allah nan ta tsuguna, ta juya ganye, ta murza, ta sansana, ta zaɓi mace ɗaya da namiji ɗaya. Kwana tara suka yi a teku kafin su kai tsibirin Kai. Ruwan sha da ɗan ƙoƙo ake rabawa, nata rabi take sha, rabin ta raba wa tsiron.

Mutanen Kai suka ba su gefen gaɓa suka zauna. Ƙasar wurin dutse ce, sai da ta yi ta jido ƙasa a kwando daga kwari kafin ta dasa su a inuwar wata doguwar bishiya da ake kira kenari. Ta koyi ginin tukwane da tsufanta, Jumat kuma yana zama a ƙofar masallaci yana tufka igiya da zaren kwakwa. Shi ya raɗa wa tsiron suna, Ango da Amarya. Kullum da safe sai ta ja masa gora zuwa wurinsu, ya lalubi Amarya ya auna ta da jikinsa: bana ta kai gwiwa, baɗi ta kai ƙugu, har ta wuce inda hannunsa ke kaiwa. Ba su cika zancen Sahak ba. Amma har suka tsufa ba ta daina kiran mijin Baban Sahak ba, shi ma bai daina ce mata Innar Sahak ba.

Yakan ce, "Ni ba na roƙon Allah ya dawo mini da ido, na ga abin da ya ishe ni. In dai riƙe pala ɗaya nunanniya a hannuna, in fasa, in sansana, shi ke nan."

"Za ka fasa har ka gaji," in ji ta. "Ni na zaɓe ta fa."

A shekara ta takwas Ango ya yi fure gungu-gungu, kamar yadda ta faɗa. Bayan mako guda Amarya ta biyo. Sarbanun ta ɗaga kai ta duba, ta goge ido ta sake dubawa. Gungu-gungu. Ta zagaya bishiyar, ta janyo reshe bayan reshe ko za ta sami fure ɗaya da ya fito shi kaɗai, babu. Maza biyu ta ɗauko daga Lontar, maza biyu ta hana kanta ruwa dominsu. Ta zauna a ƙasa ta yi kuka, irin wanda ba ta samu ta yi ba ranar da suka baro gida.

Da Jumat ya tambaya sai ta ce, "Ta yi fure, kyakkyawa ma, amma iska ta kaɗe. Haihuwar fari ce, haka suke yi." Shekara ta zagayo ta ce ruwa ne ya yi yawa. Kafin ta kawo shi da safe sai ta riga shi zuwa ta share furen da ya zubo, kada ya taka ya gane. Kunya tana ciki, ba a musu, mace ce mai son a ce ta iya. Amma abin da ya fi damun ta, wannan bishiya ce ke tayar da mijinta daga shimfiɗa kullum, ga shi tari ya kama shi, yana ta ramewa.

A fure na uku, suna zaune a gindin bishiyar, ta buɗe baki ta ce, "Bana kuma jemagun nan ne..."

"Haba, jemagu!" in ji Jumat. "Na ɗauka bana tururuwa za ki kama. Zauna nan kusa, Innar Sahak." Ya kwance bakin zanensa, ya fito da wani ɗan ƙulli, ya buɗe mata. Busasshen fure ne, gungu guda. "Tun shekarar farko ya faɗo mini a cinya. Idona ne ya tafi, ba yatsuna ba. Shekara talatin ina tsinkar pala."

Ta dubi busasshen furen ta ce, "Me ya hana ka faɗa?"

"Sharar da kike yi kullum da sassafe ce ta hana ni. Ina jin tsintsiyarki daga ɗaki. Na ce mace tana wannan wahala don kada raina ya ɓaci, ni kuwa in ɓata nata?" Ya yi tari, ya huta. "Amma yanzu kwana ya fara ƙurewa, dole in faɗa. Masunta sun ce a ƙauyen bayan tudu akwai wata bishiyar pala da wata 'yar garinmu ta taho da ita. Duk shekara tana fure ɗai-ɗai, ya zube ba ɗa, don babu namiji a kusa."

"Wace ce?"

"Kin san ta. Kun taɓa haɗuwa a bakin rijiya."

Sarbanun ta kwana biyu tana zagin tukwanenta. A rana ta uku ta yanki rassa masu fure daga Ango da Amarya, ta tsoma gindinsu a bututun gora mai ruwa, ta goya, ta kama hanyar tudu. Tafiya ce daga hantsi zuwa azahar, gwiwoyinta kuma ba na da ba ne.

Ta tarar da Halija tana tankaɗen garin sagu na tuwo a ƙofar ɗaki. Ta tsufa ita ma, haƙora sun zube. Halija ta dubi baƙuwar, ta dubi furen da ke leƙowa ta bayan kafaɗarta, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ajiye rariya.

"Maza guda nawa kika rena?" in ji Halija.

"Biyu."

"Shekara nawa?"

"Goma."

"Ni bakwai na yi aka sa mini suna. To gwana, an yi musu kaciya, ko jira kike mu zo biki?"

"Faɗi duk abin da ke bakinki, Halija, na ci bashinsa. In kin gama ki nuna mini bishiyar. Baban Sahak ba shi da lafiya."

Halija ta buɗe baki za ta ƙara, sai ta fasa. Ta ce, "Sahak fa?" Sarbanun ta girgiza kai. Halija ta ce nata 'ya'yan biyu ne suka hau dutsen nan, su ma ba su dawo ba. Suka tsaya suna kallon juna, tsofaffi biyu daga unguwa ɗaya. Sai Halija ta miƙe ta ce, "Sauke kayan nan kafin bayanki ya karye, ki sha ruwa. Har yanzu ba ki iya goyo ba."

Tare suka rataye rassan a jikin macen, yadda ƙananan ƙwari za su tashi daga wannan fure su faɗa wancan. Duk bayan kwana huɗu Sarbanun takan sake hawa tudun da sababbin rassa, har fure ya ƙare. 'Ya'ya bakwai suka kama. Iska ta kaɗe huɗu, wannan karon iskar gaske, jemagu suka ci biyu. Ɗayan da ya rage Halija ta saƙa masa ɗan kwando ta rufe shi, ta hana kowa zuwa kusa. Pala wata tara take yi kafin ta nuna. Jumat ya daina zuwa ƙofar masallaci, daga baya ya daina fitowa tsakar gida. Kullum Sarbanun tana gaya masa girman ɗan, kuma yanzu gaskiya take faɗa.

Wata ranar Laraba da la'asar aka yi sallama. Halija ce, ta ƙetaro tudu da sanda, ƙafafunta duk laka. Ba ta tsaya gaisuwa ba, ta wuce har bakin shimfiɗar Jumat ta sa masa abin a tafin hannu. Ɗan palar nan ne, ya tsage da kansa, jan zaren da ke lulluɓe da ƙwallon yana leƙowa. Jumat ya shafa shi da yatsa, ya buɗe ɓawon a hankali, ya kai hanci. Ya daɗe a haka. Hawaye suka gangaro daga idanun da ba sa gani.

"Bayan gidanmu," in ji shi. "Wajen da Sahak ke ɓuya in kin ɗauko bulala."

Sarbanun ta miƙo masa dutsen fasa ƙwallo. "Ga shi, fasa. Shekara goma sha ɗaya kana jira."

Ya juya ƙwallon a hannunsa. Duk su ukun sun san in aka fasa ba ya tsirowa, kuma shi kaɗai ne. Ya lalubo hannun matarsa, ya sa mata shi a ciki, ya naɗe yatsunta a kai.

"Na ji abin da nake so in ji. Nemo ɓawon kwakwa ki shuka tun yana ɗanye." Sai murmushin nan nasa na tsokana ya dawo. "To gwana, duba mana. Mace ce ko namiji?"

Halija ta gyara tsayuwa tana jira. Sarbanun ta dubi abin da ke hannunta, ta dubi mijinta, yadda ƙasusuwan wuyansa suka fito.

"Ban sani ba, Baban Sahak," in ji ta. "Sai mun jira shekara takwas."

"To mu jira," in ji shi.

Bai kai ƙarshen daminar ba. Tsiron ya fito kwana goma sha biyu kafin rasuwarsa, ta kai masa har shimfiɗa, ya auna shi da ɗan yatsa.