Ranar da Baffa Garba Ya Ƙi Taɓa Ƙafar Tajuddeen

Da an idar da sallar asuba, Baffa Garba mai ɗori zai share zaurensa a Soron Ɗinki, ya shimfiɗa tabarma, ya jera kara da tsumma da kwalbar man shanu. Kafin hantsi layi ya kai bakin lungu: wanda babur ya kayar, ɗan dako daga kasuwar Kurmi, tsohuwar da ta zame a bakin rijiya. Da la'asar kuma ya rataya jakarsa ya nufi filin ƙwallon kwando na unguwa. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Bai taɓa jefa ƙwallo a kwando ba, amma da wuya ka sami ɗan wasa a cikin birni wanda Baffa bai san idon sawunsa ba. Watan jiya ya ce ya ajiye aiki, hannu ya fara rawa.

Mai son sanin wane ne shi ya tambayi Tajuddeen, wanda yau ƙwararren ɗan wasa ne a ƙasar waje. Shekara tara da suka wuce gwani ne, ba mai musu, amma kai, rowar ƙwallo! In ta shiga hannunsa, abokan wasansa huɗu sai kallo. Har a gaban jama'a ya ce shi yake goye da su, ya kira Muttaka, mai tsare masa baya, kututture. Daga ranar suka daina yi masa magana.

Saura wata biyu a yi gwajin ɗibar ƙwararru, yana atisaye shi kaɗai, ya yi tsalle ya sauko a karkace. Idon sawu ya goce. Yayyensa suka ɗauko shi ranga-ranga zuwa zaure.

Ɗori kuwa sai an danne mutum. In ya fizge sau ɗaya ƙashi ya zauna a karkace, shi da tsalle har abada. Yayyen sun fara naɗe hannun riga, Baffa ya ce su ja gefe, ɗan'uwa na jini da ya ji ihu saki yake yi.

"Kira waɗanda kuke wasa tare," ya ce wa Tajuddeen. "Su suka san ta inda kake zillewa."

Tajuddeen ya rantse ba za su zo ba. Baffa ya tura masa waya. Ƙafa na ta kumbura, gumi na zuba, ga kunya ta fi ciwon zafi. Da ƙyar ya danna lambar Muttaka.

"Ƙafata ce. Ina zauren Baffa."

Aka kashe waya ba amsa. Tajuddeen ya juya fuska bango, don ya tabbata tasa ta ƙare. Baffa ya ci gaba da jan carbi, ido na kan kumburin. Daga baya ya faɗa cewa zuwa kiran azahar ya ɗiba musu, in ba su zo ba 'yan dako zai kira.

Ba a kai ga kiran ba sai ga sallama. Su huɗu suka shigo, suka durƙusa suka gaida Baffa, ba wanda ya kalli mai ciwo. Biyu suka kama cinyoyi, ɗaya ƙugu, Muttaka ya rungume ƙirjinsa. Da Baffa ya ja ƙashin, Tajuddeen ya gantsara wa Muttaka cizo a dantse har jini. Wallahi Muttaka bai sake shi ba.

Tajuddeen ya ci gwajin. Yau in an tambaye shi sirrin nasara, cewa yake ƙoƙarin mutum ɗaya iyakarsa ya kai shi gindin kwando, kuma bai taɓa ɗaga kofin da wasu huɗu ba su riga shi yin gumi a kai ba.

Baffa, kai ne mai hannun da ba ya gaggawa. Kai ne ka kalli majinyaci yana kuka, ka daure zuciyarka don ka ga abin da ya fi ƙashi gocewa. Mun gode, Allah Ya saka da alheri, Ya ba hannun nan hutu. Masu horar da 'yan wasa, malamai da iyaye, ku je zauren nan ku zauna tun yana iya ba ku labari, ku koyi irin wannan dauriya. Ƙafar ta warke sarai, Baffa, kuma ita ce ƙaramin abin da ka gyara a ranar.