Direban Da Ba Ya Tsayawa

Cikin direbobin gwamnati da suka yi zamani a Kaduna bayan yaƙin basasa, babu wanda ake kwatance da shi kamar Datti. Bakatsine ne, dogo, mai tsabtar tsiya, yana zaune a Unguwar Sarki da matarsa Hasiya. Baƙar Fijo yake ja, ta Alhaji Sambo, wani babba a ma'aikata. Abu guda ake yabonsa da shi: Datti ba ya tsayawa a hanya. Daga Kaduna har Sakkwato, in ba salla ko shan mai ba, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Ana ta yabo, ba wanda ya san abin da yabon ke ci a jikinsa.

Asalin abin kuwa bai taka kara ya karya ba. Wata rana da bazara, a 1972, ya ɗauko Alhaji da baƙi biyu za su je taro a Zariya. Ya sha fura da safe, ya bi ta da ruwan randa. Suna kaiwa Rigachikun fitsari ya matse shi, ya nemi izini, ya ɗauki buta ya shiga bayan wata sabara. To, fitsarin mai salla ba na gaggawa ba ne, sai an tsuguna, sai an yi tsarki. Da ya dawo Alhaji ya dubi agogo, ya ce cikin raha, "Kai Datti, randa ka haɗiya ne?" Baƙin suka tuntsire da dariya.

Shi ke nan fa! Amma Datti mutum ne mai zuciya. Kunyar nan ta bi shi har gida, ya yi rantsuwa ruwa ba zai ƙara wuce maƙogwaronsa ba daga fitowar rana har ya ajiye mota. Ko na alwala, ya kurkure ya tofar. Goro ne abokin tafiyarsa, da kilishi mai gishiri a aljihun ƙofa, da yamma kuma tsire da baƙin shayi mai kauri. In azumi ya zo direbobi suna kukan ƙishirwa, sai ya ce shi kullum a watan yake.

Shekara uku ana haka, sai ciwo ya yi sallama. A kwiɓin dama ya fara, ya gangaro mara, ciwon da ya sa ƙato ya durƙusa a tsakar gida yana dafa turmi. Fitsarinsa ya yi ja. Kwana biyu yana murƙususu, sannan wani ɗan abu ya faɗo, bai fi ƙwayar dawa ba, mai kaushi. Hasiya ta ƙulle shi a gefen zane suka tafi asibiti.

Likitan ya juya abin a tafin hannu. "Malam, wannan tsakuwar ƙoda ce. A gidanku akwai mai irin ciwon nan?"

"Da shi baba ya tafi," in ji Datti.

"To ka ji. Wasu jikinsu ne ke saurin tara ta, kai kuma ka taimake ta. In ruwa ya yi kaɗan, gishiri da nama suka yi yawa, fitsari sai ya yi kauri, abin da ke cikinsa ya daskare kamar kanwa a gindin tukunya. Hoton da muka ɗauke ka ya nuna akwai wasu a ciki. Ka sha ruwa, Malam, ka yi ta sha. Ka rage kilishin nan."

Datti ya ce to. Irin "to" ɗin da ake ce wa likita.

Hasiya ta sayo jarka, kullum ta cika ta kai masa bakin mota. Da yamma jarka ta dawo wayam, ta yi hamdala. Sai wata safiya ta leƙo ta ga ya ɗaga bonet yana tuttula ruwan a lagireto. Abin haushi! Motar gwamnati ba ta taɓa kwana da ƙishirwa ba, mai jan ta kuwa leɓensa har tsagewa yake.

"Malam, kashe kanka za ka yi saboda dariyar mutum uku?"

"Ke ba ki san aikin gwamnati ba," ya ce, ya rufe bonet.

A 1977 tsakuwa ta toshe ƙodar dama ta ruɓar da ita, aka yi masa aiki aka cire. Likita ya kama hannunsa ya ce, "Saura ɗaya, ita ma da tsakuwa a ciki. Ranar da ta toshe, fitsari zai ɗauke, kuma ba ni da ta uku da zan ba ka." Wata uku Datti yana gida yana shan ruwa kamar raƙumi. Ranar da ya koma aiki abokai suka tarye shi da kirari, "Ga wanda ba ya tsayawa!" Ai kuwa sai jarka ta koma shayar da lagireto.

Wata Talata cikin bazarar 1978 ya tashi da nauyi a kwiɓin hagu. Tun la'asar ɗin jiya bai yi fitsari ba, ya ɓoye wa Hasiya. Ya ɗauki Alhaji suka nufi Zariya. Suna wuce Kawo tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, don muryar likita kawai yake ji. Da suka iso Rigachikun ya taka birki, daidai wurin nan na da.

"Ranka ya daɗe, a yi mini afuwa, zan ɗan zaga."

Alhaji, wanda furfura ta riga ta cim masa, ya sauke jarida. "Haba Datti, wannan har sai ka roƙa? Ni dama ina mamakinka, shekara da shekaru ba ka tsayawa. Ni nake cije haƙori a baya, ina jin nauyin in tsayar da kai."

"Ai tun ranar da ka ce randa na haɗiya, ranka ya daɗe."

"Ni? Yaushe na ce haka?"

Datti ya dube shi ta madubi. Wallahi mutumin nan bai tuna ba, ko alama. Ya ɗauki buta ya sauka. Sabarar tana nan, ta ƙara duhu. Ya tsuguna ya jira. Motocin Kano suna ta wucewa, gumi yana ɗiga daga haɓarsa, kwiɓinsa yana bugawa.

Can Alhaji ya ɗaga murya daga mota, "Kada ka yi sauri, Datti, ba inda za mu makara!"

Datti yana tsugune da cikakkiyar buta a hannu, yana kallon ƙasar da ke gabansa, a bushe take ƙamas.