Yadda Sada Ya Sa Ni a Tatsuniyar Iya

Ni ban iya karatun boko ba sai da na aurar da autata. Kuma ba son ilimi ya kai ni ajin manya ba, kar in yi maku ƙarya. Ƙanena Sada ne ya rubuta littafi, aka ba shi lambar yabo, har a rediyo aka faɗa. Sai mata suka dinga tare ni a Babbar Kasuwa suna dariya, wai ina ciki. Na tambaye shi mi ya ce a kaina, ya ce in karanta. Jikokina kuwa in suna karanta mani, sai su kalli juna su tsallake wani wuri. Na ce to, zan gani da idona, in zagina ya yi in sani.

Muna yara a Ƙofar Guga, kakarmu Iya ce mai tatsuniya. Lokacin sanyi, bayan isha'i, sai mu kewaye murhu da sauran garwashin tuwo, ita kuma tana kaɗi. Dokarta ɗaya ce: tsawon labari, tsawon audugar da ke gabanta. Auduga na ƙarewa, ko ana tsakiyar magana, ta aje mazari ta ce kowa ya tashi. Shi ya sa Sada kullum yana gindin lefen audugarta, in ta juya ya ƙara mata. Tana sane. Sai ta ce, "Maigida, cefane ba ka ba ni, aiki ka iya ƙara mani."

Tatsuniyar da ta fi kama shi ita ce ta wata yarinya mai ɗibar ruwa. Rijiya ɗaya ce a garinsu, fatake na sayen ruwanta. Rannan wani abu ya faɗa ciki ya mutu. Manyan gari suka ce kowa ya kama bakinshi, kar fatake su sake hanya. Wani baƙo ya ɗaga ƙwarya zai sha, yarinyar ta ce kar ya sha. Aka kore ta, aka rufe ƙofar gari. Nan Iya ta ce ƙurunƙus, ga auduga cike da lefe. Sada ya tambaya yaushe aka dawo da ita.

Iya ta ce, "Ba a dawo da ita ba. Amma baƙon bai sha ba."

Ya yi ta kuka. Ni kuma na ranƙwashe shi, don ya hana mu jin ta gaba.

Da ya girma ya shiga aikin jarida, yau yana nan, gobe yana can. Ana haka ya rubuta labarin wani takin zamani da aka ce an raba wa manoma, su kuwa ko buhun ba su gani ba. Aka sallame shi. Ya dawo Katsina duk ya rame. Na share mishi shagon ƙofar gida, ina kai mishi tuwo ina mishi faɗa, don ina zaton zaman banza yake. Ashe littafin yake rubutawa.

Na daɗe kafin in kai ƙarshe, yatsa a kan layi, gilashi a hanci. Yarinyar tatsuniyar Iya ce a ciki, ya mai da ita babba a birnin motoci. Bai dawo da ita gari ba, nan bai taɓa ba. Amma ya yi mata yaya, wata masifaffiya, ta biyo ta bayan gari da kwanon tuwo tana zazzaga mata faɗa. A bakin Iya babu wannan matar.

Da ina ganin Iya ta yi wa yaro mugunta. Yanzu na gane shirya shi take yi: mai faɗin gaskiya ba lallai a gode mishi ba. Abin da ba ta faɗa ba, shi ya gano da kanshi, ko korarre sai ya ci abinci.

Ran Juma'a ya zo gaishe ni, na ce na gama. Ya sunkuyar da kai, da furfurarshi, ya ce, "To, Yaya, ya kika gani?"

Na ce yarinyar ta yi daidai, Iya ba za ta yi ƙorafi ba. Faɗan ma na yarda nawa ne. "Amma ka rubuta tuwonta da gudaji. Sada, ka ci nawa shekara da shekaru, yaushe ka ga gudaji? In za su sake bugawa, ka gyara."