Ramin Tubalin Muttaƙa

Muttaƙa mai tubali maƙwabcina ne a Tsarnawa, katanga ɗaya ta raba mu, kuma tun da na san shi ban taɓa ganin ya gama shan shayi a zaune ba. Ya yi dako a bakin iyaka wajen Ƙonni, ya yi lodin siminti a Malbaza, ya gwada noman albasa ya watsar tun ba ta yi kai ba. Buga tubali kaɗai ya riƙe shi, shi ma don ba a yin sa a zaune ne.

Daminar bara ɗakin uwarsa, Inna Salamatu, ya rushe. Ya kafa mata rumfar zana a tsakar gida, ya rantse a gaban jama'a cewa ruwan baɗi ba zai same ta a ciki ba. Daga nan kuma ƙafa ta ɗauke shi, yau Illela, gobe Ƙonni, bai waiwayi maganar ba sai da bazara ta kama, gajimare ya fara taruwa a gabas. To, sai hankali ya tashi. Da rani ƙasa ƙashi ce, ruwan kwaɓi kuma sai an jira mai amalanke, shi kuwa Muttaƙa jira ne babban maƙiyinsa.

Wata safiya ya shigo mini yana haki, wai ya ga tsuntsu daga sama gasasshe. A bayan lakwal, makarantar boko, gefen hanya, akwai wani wuri mai damshi, har da koren haki a tsakiyar bazara. Ƙasa ta jiƙa kanta, diga na shiga ba gardama. Kafin azahar har ya fara jera tubali a rana.

Labo, mai gyaran famfunan unguwa, ya zo wucewa ya ci burki.

"Muttaƙa, mi kaka yi nan? Babban tiyon ruwan da ya taso daga shato, tankin gari, nan ƙasa ya bi. Wanga damshi yoyo na, ba albarka ba. Hito, in kira mutanen ruwa su toshe, su nuna maka inda za ka gina."

"Yaya Labo, su da zuwa sai bayan girbi. Ni ban taɓa tiyonku, gehe nika bi."

Labo ya tafi kai rahoto yana girgiza kai. Ni ma na yi magana, na ce masa garin neman gira ake rasa ido. Ya ce ai ni tela ne, in koma kan kekena. Raina ya ɓaci ƙwarai, na bar shi.

Gaskiyarsa, bai taɓa sara tiyon ba. Abin da ya yi ya fi haka muni. Da ya ga ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta fi laushi, sai ya riƙa raraketa da shebur, har tiyon ya zauna a sarari ba abin da ke tallafe da shi, rami kuma ya kai masa ƙirji, gefensa a jiƙe. Kullum in na leƙa sai in tarar ya ƙara nutsewa, yana aiki yana ɗaga kai yana duban gabas.

Ran kasuwa da hantsi wata motar yashi ta bi ta gefen hanyar. Mahaɗin tiyon ya ɓalle, gefen ramin ya rufto a kan ƙafafunsa, ruwa ya fara hawa. Ihun mata masu ɗibar ruwa ne ya tara mu. Da hannu muka riƙa yashe laka, don ba wanda ya yarda a sa diga kusa da jikin mutum, Labo kuma ya ruga ya rufe ruwan daga shato. Mun ciro shi da rai, ƙafar dama a karye. Tubalin da ya jera a bakin ramin duk ya koma taɓo, unguwa ta yi kwanaki tana bin tsohuwar rijiya, kowa na guga yana ambaton sunansa.

Maɗori ya ɗaure ƙafar ya ce ko motsi kada ya yi. Ɗaki ɗaya ne mai rufi a gidan, nasa da iyalinsa. Ya roƙi Inna ta shiga, shi a fitar da shi rumfa. Ta ce ɗori ba ya son sanyi, ta ƙi.

Ruwan farko ya sauka da la'asar, ina zaune wurinsa. Yana ta juyi a kan tabarma, idonsa a ƙofa. Sai ga Inna ta shigo da kwanon kunu, ta rufe shi da gefen mayafinta, ita kuwa sharkaf, ruwa na ɗiga daga haɓarta. Ta ajiye, ta taɓa ɗorin a hankali.

"Ɗana, ruwa bai taɓa maka ƙahwa ba ko?"

Muttaƙa ya juya fuskarsa bango ya fashe da kuka.