Ranar da Inna ta Shiga Gidan Kallo

Wata Laraba ce, da hantsi, ana tsakiyar cirar albasa. Mu huɗu ne a gidan kallon da ke bayan tashar Jega: ni, da mahaifiyata wadda muke kira Inna, da matar yayana marigayi, da mai gidan kallon. Ba lokacin kallo ba ne. Bencina a jere babu kowa, ƙasa duk ɓawon gyaɗa da ledojin ruwa, rana tana shigowa ta hujojin kwano tana sauka a kan bencin gaba. Inna ba ta taɓa taka irin wannan wuri ba, kuma da a ce wani ya taɓa gaya mata za ta taka shi, da ta ce ya nemi gafarar Allah. Abin da ya kawo ta shi ne an ce ɗanta yana cikin wani fim.

Yayana direban babbar mota ne. Albasa yake ɗauka daga Aliero ya kai kudu, ya dawo da manja ko katako. Ya rasu a daminar da ta gabata bayan 'yar gajeriyar rashin lafiya. Bai bar hoto ba sai na lasin, wanda ya ɗaure fuska a ciki kamar ba shi ba.

Shi ne ɗan fari, kuma Inna ta riƙe kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Ba ta taɓa faɗin sunansa ba. In za ta yi maganarsa sai ta ce "yayanka", ko "wancan". Kakarmu ce ta goye shi. In ya shigo gaisuwa daga tafiya, yakan durƙusa a bakin ɗaki, ita kuma ta amsa tana kallon ƙwaryar da ke gabanta, ta tambayi hanya a taƙaice, shi ke nan. Ban taɓa ganin ta ɗaga ido ta dube shi a fuska ba. Ranar da ya rasu mata suna kuka a tsakar gida a ƙauyenmu Danwarai, ita tana zaune da carbi tana ba su haƙuri. Wasu sun yaba da juriyarta. Ni dai na ga ta daina cin abincin rana.

Wani mai faci a Maiyama, abokin yayana tun suna samari, shi ya kira ni.

"Ƙanena, ka ga sabon fim ɗin nan da anka yi a kasuwar albasa?"

Na ce ban gani ba.

"To nemi shi. Wallahi yayanka na ciki. Ya wuce ta bayan jarumin, da rigar nan tashi ruwan toka. Ni da na yi mashi facin taya tun ba shi da gemu, ba ni ɓata shi."

Na je wurin masu tura fim a waya aka sa mini shi. Na kalle shi daga farko har ƙarshe, kuma gaskiya ba fim ba ne da zan ce wa wani ya nema. Labarin ɗan attajiri ne da ya ɓad da kama ya zama ɗan dako don ya gwada wata budurwa. Yawancinsa a cikin wani falo aka yi shi mai kujeru farare, inda mutane suke zaune suna maimaita wa juna abin da mai kallo ya riga ya gani. Waƙoƙin duk murya ɗaya ce da na'ura ta goge. Jarumin an ce ɗan Aliero ne, amma da ya buɗe baki sai ka ji Kano. Kasuwar ma ba don ita aka zo ba, an aro ta ne don launin buhuna.

Sai dai hoton yana da kyau, kuma nan matsalar take. Finafinan da muka taso da su, da ƙaramar kyamara ake ɗaukar su, wadda ba ta san babba da yaro ba. Kana kallon jarumi kana kallon akuyar da ke bayansa, da mai shayi, da wanda ya tsaya yana ɗaga wa kyamara hannu. Muna dariyar wannan a lokacin, muna cewa rashin ƙwarewa ne. Kyamarar yanzu fuskar jarumi kawai take fitarwa, har gumin da aka fesa masa kana gani, duk abin da ke bayansa kuwa ta mai da shi dishi-dishi. Yayana yana cikin wannan dishi-dishin. Wani mutum ne mai riga ruwan toka ya shigo daga gefe, ya juya baya, ya yi 'yan taku zuwa wajen motoci, sai aka yanke hoton. Na mai da wurin baya na sake kallo har na gaji. Ban iya cewa shi ne ba, ban iya cewa ba shi ba ne.

Ban yi niyyar gaya wa kowa a gida ba, amma magana ta riga ni isa Danwarai. Da na je ranar Juma'a, bayan mun gaisa, Inna tana tsince wake, sai ta ce:

"Auta, an ce an sa kasuwar Aliero cikin majigi."

Duk abin kallo majigi take ce masa. Na ce haka ne.

"Na daɗe ban ga kasuwag ga ba."

Iyakar abin da ta ce ke nan, kuma na san ba za ta ƙara ba. Na fito da waya na nemo wurin na miƙa mata. Ta riƙe ta nesa, ta kawo ta kusa, ta karkata ta wajen haske. Idonta ya yi rauni tun kafin rasuwar. Ta dawo mini da ita.

"Ni ba ni ganin komi cikin wanga madubi."

Babu talabijin a gidanmu, na maƙwabta kuma ƙarama ce, ga idon jama'a. Shi ya sa na tuna da mai gidan kallo a Jega, wanda yake da allo mai faɗin ƙofar zaure. Tare muka yi firamare da shi. Na same shi yana gyara waya a bayan allon, na gaya masa abin da nake so: safiya ɗaya, kafin kowa ya zo.

"Fim?" ya ce. "Rabon da in sa fim a nan har na manta. Ƙwallo ka ciyar da ni yanzu. Kowa na da silima cikin aljihu, shi kalla shi kaɗai, shi yi dariya shi kaɗai awa mai taɓin hankali."

Gaskiyarsa ce. A ɗakin nan na san lokacin da ake cika har bakin ƙofa, ana yi wa jarumi ihu ya waiwaya, ana zagin mugu har iyayensa, wani dattijon mahauci yana sanar da abin da zai faru ana roƙonsa ya yi shiru. Rabin daɗin fim a bakin jama'a yake. Na taɓa shiga silima ta zamani sau ɗaya a Abuja. Sanyi kamar ɗakin ajiye magani, kujera mai laushi, kowa da kwalin gugguru, babu mai ce wa kowa uffan. An yi mutuwa a fim ɗin, na ce innalillahi a fili, wata mata ta juyo ta dube ni. Hoto da sauti ban taɓa ganin irinsu ba, amma na fito ban san ko mutum ɗaya da muka yi kallon tare ba.

Da na gaya masa Inna ce za ta zo, sai ya ajiye wayar da ke hannunsa.

"Inna da kanta? Nan?" Ya dubi bangon da aka lilliƙa wa hotunan 'yan ƙwallo. "To bari in sauke waɗanga marasa wando."

Ya kuwa sauke su. Ranar Larabar ya shimfiɗa darduma a kan bencin gaba, ya rufe ƙofar titi, ya shigo da mu ta baya. Matar yayana ta rako Inna, ba ta daɗe da fita takaba ba. Tsakanina da ita akwai wasan ƙanen miji, amma tun rasuwar ba mu yi shi ba.

Ya tayar da janareta. Ya so ya tsallaka kai tsaye zuwa wurin, Inna ta ce a'a, a fara inda ake farawa. Na gane dalili: ta ce kasuwa ta zo gani, ba za ta nuna akwai abin da take sauri a kai ba. Haka muka zauna muna kallon falon nan mai fararen kujeru. Da aka fara waƙa, jarumin da budurwar suna zagaya wata bishiya, na sunkuyar da kai, mai gidan kallon ya shiga laluben rimot.

"Wagga ɗiya ba ta da uwaye?" Inna ta tambaya.

"Tana da su, Inna," ya ce. "Suna falo."

Ya tura waƙar gaba. Sai ga kasuwar Aliero ta cika allon, buhuna jajaye a jere, jarumin ya saɓa ɗaya a kafaɗa yana tafiya yana murmushi.

"Kai, ɗan birni," matar yayana ta ce mini a hankali, "wanga buhu ba albasa ciki. Ka taɓa ganin mai ɗauke da albasa shina murmushi?"

Wannan ce magana ta farko mai kama da wasa da ta yi mini tun damina. Kafin in amsa, mai riga ruwan toka ya shigo daga gefe, ya juya baya, ya yi takunsa, aka yanke. Muka koma falo.

Mai gidan kallon ya mai da wurin baya, ya tsayar da hoton daidai inda mutumin yake tsakiyar allo. A tsaye abin ya fi muni. Fuskar jarumin ta cika rabin allon, haƙoransa fari tas, a bayansa kuwa wani tabo ne ruwan toka mai siffar mutum. Matar yayana ta matsa gaba ta ƙura ido. Ta daɗe, sannan ta ce rigar dai irin tasa ce, amma rabin direbobin tasha irinta suke sawa.

Na fara yi wa Inna bayani. Na ce laifin kyamara ne, haka ake ɗaukar fim yanzu, kuma ko da hoton ya fito, mutumin ya ba da baya, ba a ganin fuska. Na ce ta yi haƙuri na sa ta yi tafiyar banza.

Ba ta dube ni ba. Ta ce wa mai gidan kallon:

"Ɗana, sake shi shi tahi. Kak ka tsaishe shi."

Ya mai da baya ya saki. Mutumin ya shigo, ya juya, ya yi taku.

"Maishe shi."

Ya sake. A wannan karon na ga abin da ban lura da shi a waya ba: kafin a yanke hoton, hannun mutumin ya tashi zuwa ƙeyarsa.

"Ga shi nan," in ji Inna. "Ya ture hula gaba. In ya ture ta haka nan, bai karya ba, sauri shike. Tun shina yaro."

Matar yayana ta rufe fuska da mayafi. Ni kuwa sai na tuna tagar ɗakin Inna, tagar da ke fuskantar ƙofar gida. Duk ranar da yayana zai yi tafiya, in ya yi sallama ta amsa tana kallon ƙasa, ya tashi ya fita, takan ce za ta gyara labule. Muna yara mun ɗauka labulen ne ba ya zama daidai.

"Fuskar ce dai ba ta fito ba, Inna," mai gidan kallon ya ce, kamar mai ba da haƙuri a madadin masu fim ɗin.

"Ba komi," ta ce. "Ni bayanshi na sani."

Ta sa aka mai da wurin sau da yawa, ban ƙirga ba. Tana zaune a miƙe, hannayenta a kan gwiwa, idonta a kan allon, ba ta kau da shi ba. Ban taɓa ganin ta kalle shi haka a gaban mutane ba. Na zaci za ta faɗi sunansa. Ba ta faɗa ba. Da ta gamsu sai ta ce, "Allah shi jiƙan wancan," muka ce amin. Mai gidan kallon ya tambaya ko a ƙarasa fim ɗin, ta ce ta ga kasuwa, ya isa. Ta sa masa albarka, ta ce kuma ya riƙa share wurin nan.

Muka fita ta ƙofar baya. Na sa su a mota zuwa Aliero, daga can babur ya kai su Danwarai kafin azahar. Da yamma na kira mai facin Maiyama na gaya masa Inna ta ce shi ne. Ya ce dama ya gaya mini.

Matar yayana ta ce a ranar Inna ta ci abincin rana. Fim ɗin yana nan a wayata, amma ba ta sake neman a nuna mata shi ba har ta rasu.