Ranar da salulata ta tafi kasuwar Konni

Shekara tara ina aikin ungozoma a wani ƙaramin gidan likita na karkarar Dogarawa. Duk macen da ta zo awo ko tazarar haihuwa, cikin babban littafi nake rubuta ta, in kulle. Sai aka kira mu taro Malbaza, aka ce an bar takarda. Tabilet ɗaya aka ba mu, mu huɗu. Majo, shugabanmu, ya riƙe ta, mu kuma aka sa mana aikin rubuta matan cikin salularmu. Ban tambayi komi ba.

Ranar kasuwar Konni yayan mijina ya tsaya ƙofar gidanmu, motar da ya ɗora wa wakensa tana jira.

"Likita, ara mini salularki, tawa ta faɗa ruwa. Da la'asar zan dawo."

"To, Yaya."

Sai da motar ta tashi na tuna da abin da ke cikin salular. Sunan matarsa yana ciki. Haihuwarta ta bakwai ta kusa kai ta kabari, shi ya sa ta zo a ɓoye na yi mata allurar tazara. Ta riƙe hannuna ta ce, "Don Allah, daga ni sai ke." Ga salular ba ta da kod na kullewa, ga Yaya ya yi lakwal, ya iya karatu.

Ranar sau uku ina auna jinin mace guda, ban riƙe abin da na gani ba. Da azahar na wuce matar Yaya tana daka, ta gaishe ni da fara'a, hannu kawai na ɗaga.

La'asar sakaliya Yaya ya dawo, ya miƙo mini salular.

"Na taɓa wani wuri, sunayen mata suka fito. Na kife ta. Ba hurumina ba ne."

Ya ɗan jima yana dubana, sannan ya wuce masallaci.

Washegari na aje salular bisa teburin majo, na faɗa masa komi. Ya buga waya buro, wurin manyanmu. Ba a yi wata ba aka sa wa aikin kod, aka hana mu ba da aro.

Yaya bai sake tada maganar ba, ni kuma ban faɗa wa matarsa ba. Da lokacin allurarta ya zagayo ta zo, ta tambaye ni me ya sa hannuna yake rawa. Na ce azumi nake.