Tsarabar Yaya a Gwangwanin Madara

Shekara biyar Yayana ya yi yana karatu a Turai, a wani gari na kan duwatsu inda ƙanƙara ke toshe ƙofa. Ranar da ya sauka Lome ban samu zuwa taryarsa ba, an kwashe mu 'yan matan lakwal, wato makaranta, zuwa rawar jam'iyya. Da na dawo na tarar da rabin matan Zongo a tsakar gidanmu. Baki na cewa sannu da zuwa, ido na kan akwati.

Aka buɗe. Littattafai. Rigar sanyi mai nauyin buhun masara. Sai gwangwanin madara da wani ɗan itace a ciki, bai kai tafin hannu ba, ganyensa ƙanana kamar farce.

"Inna, ga tsarabarki," in ji shi. "A kan dutse yake fitowa, a kwance, ba ya tsawo. In sanyi ya wuce sai ya rufe da jan fure."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ɗan maƙwabta Akra kawai ya je ya kawo rediyo, namu ya haye teku ya kawo ciyawa! Amma Inna ba a yi wa ɗanta dariya tana tsaye. Ta karɓi gwangwanin da hannu biyu, ta dubi matan ta ce, "Maganin ciwon gwiwa ne. Ko a can sai manya."

To fa, ta jawo mana. A Zongo tsaraba ba ta mutum ɗaya ba ce, ko ƙwayar dabino ce sai an gutsura wa maƙwabci. Kullum sai an yi sallama, "Inna, a sam mana ganye ɗaya." Ina bakin hanawa? Hajiya mai ƙosai ta jiƙa nata ta sha, ta rantse har kasuwar Adawlato ta taka da ƙafa, ta turo mana wasu biyar.

Yaya kuwa ya rasa inda zai sa kansa. Har Baguida yake zuwa wajen masu kifi ya sayo ƙanƙara ya jera wa gwangwanin, gida ya ɗau ƙarni, kyanwoyin unguwa suka tare a wurinmu. Yana fita Inna za ta kai itacen tsakiyar rana, wai abin tausayi, ya sha sanyi tun haihuwarsa.

Dariya nake yi, ban lura da abin da Inna ke kallo ba. Yayan ma gumi yake yi dare da rana. Tuwon masara ya yi masa nauyi, yaji ya fi ƙarfinsa, a yi masa Hausa ya amsa da Faransanci. Tsoronta ɗaya, kada ya koma.

Sati uku itacen ya zama tsinke. Yaya ya juya gwangwanin ya ce, "Ba laifinki ba ne, Inna. Nan ba ƙasarsa ba ce."

Inna ta dube shi ta ce, "Shi na gani. Kai fa?"

Bayan Babbar Sallah ya koma, sai dai wasiƙa.

Gwangwanin ya zauna a tagar Inna har ƙarshen ranta, kowace safiya tana zuba masa ragowar ruwan buta. Na taɓa tsokanarta, na ce, "Inna, tsinke kike shayarwa?"

Ta ce, "In ya zo ya tambaya, in ce masa me?"